Kukan Fanka Jawabi Ne

Kalmar fanka ba haifaffiyar ƙasar Hausa ba ce. Daga Indiya ta taso, inda ake kiran babban maficin da ake ratayewa a rufin ɗaki ana ja da igiya da suna mai kama da wannan. Turawan Ingila suka ɗauko ta, ta biyo su har Afirka ta Yamma, Bahaushe ya karɓa ya gyara mata zama a bakinsa. Kafin zuwanta mafici aka sani, na kaba ko na gashin tsuntsu. Yau kalmar ta ƙanƙance har ta shige cikin kwamfuta, ta zama sunan wata 'yar aba da faɗinta bai wuce na murfin gwangwanin madara ba, wadda ba a tunawa da ita sai ranar da ta ɗaga murya.

A Maamobi, ba nisa da babban titin da ya ratso Nima, akwai wata baiwar Allah mai shagon buga takardu. Kwantena ce ta ƙarfe aka fasa mata ƙofa da taga. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, jarinta kuwa duka-duka na'urar buga takarda ce da wata kwamfutar tafi-da-gidanka da ƙaninta ya aiko mata daga Jamus, irin waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai sannan suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema domin fara sabuwar rayuwa. Da ita take tsara katin ɗaurin aure da na suna, da takardar addu'ar kwana arba'in, da wasiƙar neman aiki. Mafi tsoka a cikin aikinta shi ne tambayoyin jarrabawa na makarantun Islamiyya uku da ke unguwar, waɗanda take bugawa da Larabci da Turanci a ƙarshen kowane zangon karatu. Da wannan kuɗin take biyan hayar wurin, da shi 'ya'yan suke zuwa makaranta.

A watan Janairu kukan ya fara. Hunturun Accra ba ya zuwa da irin sanyin da ke fasa leɓe a Kano ko Maraɗi, amma ƙurarsa tana isowa, ta rufe sama da hazo, ta kwanta a kan kowane teburi. Kwamfutar da a da sai an kasa kunne ake jin motsinta ta koma huci kamar wanda ya hau tudu da kaya. Matar ba ta damu ba, domin a Nima ƙara ba baƙuwa ba ce: ga hon ɗin motocin haya, ga injin niƙa, ga lasifikar masu wa'azi da ta masu biki. Zuwa watan Maris, lokacin da zafin garin ke kai maƙura, sai abin ya sauya. Harafi ya riƙa makara, ta danna sai ya yi jim kafin ya bayyana. Gefen hagu na na'urar ya yi zafin da ba a iya ɗora tafin hannu. Daga nan sai ta fara ɗaukewa ɗif ana tsakiyar aiki.

Da farko wuta ta zarga, kuma tana da hujja. Duk wanda ya zauna a Gana a 2015 ya san dumsor, kalmar Tuwi da ta haɗa kashewa da kunnawa wuri guda, wadda ta zama sunan shekarun nan na yawan ɗauke lantarki. Batirin kwamfutarta ya daɗe da mutuwa, saboda haka ƙiftawar wuta kaɗan ta isa ta kashe ta. Sai dai wata rana ta ɗauke alhali ƙwan da ke saman kanta yana ci. Shafi huɗu na tambayoyin fiƙihu, da wasullan da ta sa musu ɗaya bayan ɗaya, suka tafi, ga jarrabawa saura kwana tara.

Ta kai ta dandalin Kwame Nkrumah, wanda kowa ke kira Circle, inda kasuwar waya da kwamfuta take. Wani saurayi a wani shago ya juya ta sau biyu, bai ko kunna ba, ya ce allon cikinta ya ƙone, gara ta bar ta a nan ta cika kuɗi ta ɗauki wata. Kuɗin da ya ambata ya fi abin da makarantun uku za su biya ta. Ta naɗe kayanta ta dawo.

Wanda ya warware matsalar wani dattijo ne a cikin lungunan Nima, wanda ya fara sana'a da gyaran rediyo, ya bi ta kan talabijin da bidiyo, zamani ya iso da shi kan kwamfuta. Bai taɓa sukurdireba ba sai da ya kunna ta ya kara kunne. A nan ne ɗalibin Hausa zai so ya tsaya, domin abin da dattijon yake yi rarrabe sauti ne, harshen kuwa yana da kalma ga kowanne. Akwai huci, wato ƙarar iska zalla mai ɗorewa, wadda ke nuna fankar lafiyarta lau, aiki ne ya yi mata yawa saboda wani abu a ciki ya ɗau zafi. Akwai gurnani, mai kauri da karkarwa, wanda ake ji har a jikin teburi. Wannan alama ce maiƙon da ke cikin gindin fankar ya bushe, sandar da take juyawa a kai ta fara cin mazauninta. Akwai ƙas-ƙas ko kacau-kacau, idan fiffiken yana bugun wata waya ko wani tarkace. Sannan akwai shiru, wanda ya fi duka muni in jikin na'urar da zafi, don ma'anarsa fankar ta tsaya cik. Mai cewa kawai kwamfutarsa "tana ƙara" bai gaya wa mai gyara kome ba. Tata huci take yi, da ɗan gurnani can ƙasa-ƙasa.

Ya ɗago ya ce, "Hajiya, kwamfuta nan bai mutu ba. Zazzaɓi ne."

Mai karatu zai lura da bai a inda Bakano zai ce ba ta. Hausar zangunan Gana ta daɗe da sassauta bambancin namiji da mace a nahawu, har a kan ji an ce mace ya zo. Haka kuma ɗ da ƙ sukan koma d da k a bakin mutane da dama. Ba abin mamaki ba ne a unguwar da Dagomba da Kotokoli da Zabarmawa da Fulani da Mosi suka mai da Hausa harshen ciniki da maƙwabtaka. Kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin gurɓatacciyar Hausa. Kari ne mai tsarinsa, kuma shi ya ba Gana kalmomin da yau kowa ke ci da su: waakye daga wake, koose daga ƙosai, tuo zaafi daga tuwo da zafi, har da zongo kanta daga zango.

Zazzaɓi kuwa kalma ce da ta dace fiye da yadda ake zato. A tsakiyar kwamfuta akwai wani ɗan guntu wanda bai fi farcen babban yatsa ba, shi ne mai yin lissafin duk abin da na'urar take yi. Masu fassara sukan kira shi ƙwaƙwalwar kwamfuta, sunan da ke da daɗin faɗa amma yake rikitarwa, tun da wasu da shi suke kiran ma'ajiyar bayanai. Masarrafi ya fi kusa da aikinsa. Kusan duk lantarkin da ya sha zafi yake komawa. A irin wannan kwamfuta abin bai wuce wat 15 zuwa 45 ba, ƙarfin ƙwan fitila irin na da, sai dai an tattara shi a wurin da bai kai kan sarki faɗi ba. Domin fitar da zafin ake kwantar masa da wani siririn bututun jan ƙarfe, rufaffe, mai ɗan ruwa a ciki. Ruwan yana tururi a ɓangaren masarrafin, tururin ya gudu zuwa ɗaya bakin, inda wasu siraran faranta suke jere kamar haƙoran matsefi. Fanka ta hura musu iska, tururin ya koma ruwa, ya dawo. Tsakanin masarrafin da jan ƙarfen kuma ana shafa wani toka-tokan man da ke cike 'yan ramukan da ido ba ya gani, don kada iska ta raba su. Idan wani abu ya katse wannan hanya, zafi sai ya taru. Masarrafi yana da ma'aunin kansa. Da ya doshi digiri 100 sai ya rage gudu don ya tsira, wannan ne nauyin da matar take ji a harafinta. In hakan bai isa ba sai ya kashe kansa baki ɗaya. Ɗaukewar da ta firgita ta kariya ce, ba mutuwa ba.

Kafin ya kwance kome, dattijon ya duba jerin manhajojin da ke gudana, domin wani lokaci laifin ba na ƙura ba ne: manhaja guda ce take maƙalewa ta cinye ƙarfin masarrafin, ko wata muguwa da ta shigo ta filashin abokin ciniki tana aiki a ɓoye. Bai ga kome ba. Ma'aunin zafi kuwa ya haura digiri 90 alhali ba a buɗe ko takarda ɗaya ba.

Da ya cire murfin ƙasa, sai ga abin a fili. Tsakanin fankar da farantan nan akwai wani dunƙule baƙi-ƙirin, saƙaƙƙe kamar guntun bargo, wanda ya fito a hannunsa gaba ɗaya. Ƙurar Nima ba irin ta Arewa ba ce mai bushewa da ake hurewa ta tashi. Tana haɗuwa da hayaƙin gawayin masu waakye da koko, da tururin man suya, da zaren ƙyallen teloli, sannan danshin teku ya ɗaure su wuri guda. Man da ke kan masarrafin shi ma ya bushe ya zama ƙanzo. Injiniyan da ya zana wannan na'ura a ransa ofis ne mai na'urar sanyaya ɗaki. Zafi yana gudu ne gwargwadon tazarar da ke tsakanin abu mai zafi da iskar da ke kewaye da shi. A cikin kwantenar ƙarfe da azahar, iskar da fankar ke zuƙa ta riga ta ɗumama tun kafin ta shiga.

Aikin kansa bai ɗau sa'a guda ba. Ya danne fiffiken da ɗan yatsa sannan ya hura iska, domin fankar da aka bari tana juyawa da ƙarfin iskar waje takan lalata gindinta. Saboda haka ne ba ya yarda a kai kwamfuta wurin mai faci a hura ta da injin taya, wanda iskarsa ma ba ta rasa ruwa. Ya goge tsohon man da auduga da sifirit, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa, ya ɗaure sukurorin bi da bi, kusurwa da kusurwar da ke fuskantarta, don matsin ya zo daidai. Ya ce ya sha buɗe na'urar da wani ya shafa wa man goge baki a wannan gurbi, abin da ke yin aiki kwana biyu ya bushe ya bar mai ita cikin wahalar da ta fi ta farko.

Sai ya tambaye ta a kan me take ɗora ta. Ta ce a kan zani ninki huɗu, don kada ƙarfen teburin ya kuje ta, in ta tashi kuma ta lulluɓe ta da mayafi ko da tana kunne. Ƙofofin shan iskar a ƙasa suke. Shekara biyu ke nan tana toshe mata hanci saboda tattali.

Da ta bi shawarar saurayin nan, da wataƙila kwamfutar ta koma hannun wani da riba bayan an yi mata wannan sharar, ko kuma ta bi hanyar 'yan gwangwan. Shekaru da yawa Agbogbloshie ce makomar irinta, inda samari, yawancinsu daga arewacin Gana, suke fasa na'urori suna ƙona wayoyi don tsamo jan ƙarfe, har hukuma ta rushe wurin a watan Yuli na 2021. Sana'ar ba ta mutu ba, warwatsuwa ta yi. Bututun nan mai ɗauke zafi yana cikin abin da suke ɓallewa.

Da aka sake kunnawa zafin ya tsaya ƙasa da digiri 60. Hucin ya tafi, gurnanin ya rage amma bai ɓace ba, kuma dattijon bai ɓoye mata ba: ɗigon man keken ɗinki da ya sa a gindin fankar jinkiri ne kawai, dole a nemo wata daga cikin matacciyar kwamfuta irin tata kafin shekara ta zagayo. Ya ba ta murafun kwalba huɗu ta sa a ƙarƙashin kusurwoyin don iska ta sami hanya, ya ce ta kwafe takardun mutane a filashi kowace yamma. Ta mai da aikin Larabcin bayan sallar asuba, lokacin da kwantenar ba ta ɗau rana ba. Tambayoyin fiƙihun sai da ta sake buga su daga farko, ta miƙa wa makaranta ta uku nata ana saura kwana biyu.