Daren da J ta koma 1

Saura kwana biyu in miƙa babi na huɗu na furojet ɗina, laftof ta burkice min. In na danna J sai 1 ya fito, K ta ba ni 2, L kuma 3. Gabana ya faɗi, don ɗan kuɗin da ke aljihuna na firintin ne, ba na gyara ba.

Da safe na kai wa wani mai gyara a bakin get. Ko kunna ta bai yi ba ya ce kibod ɗin ya mutu, sai an canza. Na ce masa zan dawo.

A hostel, abokin ɗakina ɗan sashen kwamfuta ya karɓa ya daddanna. Ya lura haruffan ɓangaren dama kaɗai ke rikici: U, I da O suna ba da 4, 5 da 6. Ya kwashe da dariya ya ce, "Malam, ai Num Lock ka taɓa!" Ashe ƙananan laftof da yawa ba su da madannan lamba daban, sai aka ɓoye su cikin waɗannan haruffa. Ya danna Fn da NumLk tare, komai ya dawo daidai.

Ya kuma ce in madanni ya ƙi motsi gaba ɗaya, in fara kakkaɓe ƙura, sannan in jona kibod na USB in gwada kafin in biya kowa.

Ladan gyaransa shayi da indomi. Babin ya shiga kan lokaci.