Kafin Ka Soya Wa Karenka Ƙwalama, San Abin Da Kake Zubawa

A Amurka da ƙasashen Turai akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi a 'yan shekarun nan tsakanin masu kiwon karnuka. Mutum sai ya daina sayen kayan ƙwalamar kare na kanti, ya koma haɗa su da hannunsa a gida, a cikin na'urar nan mai suya da iska mai zafi, wadda ake kira eya firaya. Kamfanin Philips ne ya fito da ita a wani baje kolin kayan lantarki a birnin Balin na Jamus a 2010, kuma aikinta a bayyane yake: ƙarfe ne mai ɗaukar zafi a sama, da fanka tana hura zafin yana zagaya abin da ke cikin kwando, har ya gasu ko ya bushe ba tare da an tsoma shi a mai ba. Wasu su yayyanka dankali siri-siri su busar, wasu hanta ko tsokar kaza, wasu kuma su kwaɓa gari da ƙwai da kabewa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa su yi 'yan ƙananan biskit. Na san akwai masu karanta wannan su ja tsaki. Ni kuwa ina ganin aikin yana da amfani, sai dai amfanin nasa guda ɗaya ne tak: mai kare ya san abin da ke shiga cikin dabbar da aka damƙa masa. Duk wanda ya kunna na'urar alhali bai san abin da ke cutar da kare ba, ya zubar da wannan amfanin, ya kuma jefa dabbar cikin haɗarin da ba ta ciki a da.

Ba haka kawai mutanen can suka juya wa kanti baya ba. Biskit ɗin kare na sayarwa tsohon abu ne, tun wajajen 1860 wani Ba'amurke mai suna James Spratt ya fara yin sa a Landan, kuma an shafe fiye da ƙarni ana saye ba tare da tunanin komai ba. Abin da ya girgiza zukata ya faru ne a watan Maris na 2007, lokacin da wani kamfanin Kanada, Menu Foods, ya janye gwangwanaye da ledojin abincin karnuka da kyanwowi kusan miliyan 60 daga kasuwa. An gano cewa wani sinadarin alkama da aka shigo da shi daga Sin an gauraya shi da melamin, abin da ake yin robobi da shi, don a yaudari gwajin da ke auna yawan furotin. Dabbobi da dama ƙodarsu ta lalace suka mutu. Daga wannan shekarar kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fara karɓar ƙorafi a kan busasshen naman kaza da na agwagwa da busasshen dankali da ake sayarwa a matsayin ƙwalamar kare, akasarinsu shigowa daga Sin. Zuwa ƙarshen 2015 ƙorafin ya kai kusan 5,200, ya shafi karnuka sama da 6,200, fiye da 1,100 daga cikinsu sun mutu, kuma duk binciken da hukumar ta yi ba ta kama wani abu guda ta ce ga mai laifin ba. Mutumin da ya ga haka ya ce daga yau shi zai sayi naman, shi zai yanka, shi zai busar, ai ba za a ce ya yi wauta ba.

Sai dai a nan ne mutane da yawa ke gudu ba su tsira ba, domin madafin gidanmu cike yake da abubuwan da ke gina jikin mutum amma suke rushe na kare. Albasa da tafarnuwa su ne kan gaba. Suna ɗauke da sinadaran da ke fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, kuma dafawa ko soyawa ko busarwa ba ya kashe wannan illa, garinsu ma ya fi ɗanyen ƙarfi tunda ruwan ya fita. Inabi da zabibi na iya tsayar da aikin ƙoda. Cakulan na ɗauke da sinadarin tiyobiromin wanda jikin kare ke jinkirin fitarwa, ya taru ya rikita bugun zuciya, kuma goron da muke ci ma yana da shi, ga sinadarin kafin a kai. Akwai wani abin zaƙi da ake sa wa cingam da wasu kwalaben markaɗaɗɗiyar gyaɗa na ƙasashen waje a madadin sukari, sunansa zailitol. Mutum ya ci lafiya lau, amma kare in ya ci, sukarin jininsa kan faɗi warwas cikin ɗan lokaci, wani lokacin har hanta ta taɓu. To kun ga markaɗaɗɗiyar gyaɗa kuwa tana cikin abubuwan da aka fi zubawa a biskit ɗin gida, don haka wanda bai juya kwalba ya karanta abin da aka rubuta a bayanta ba, yana iya kwaɓa guba da hannunsa, cikin so da ƙauna.

Mu Hausawa wannan batu ya shafe mu ta wata fuska, don busar da nama sana'armu ce tun kaka da kakanni. Ku dubi mai kilishi: ya feɗe tsoka fale-fale har kana hango haske ta cikinta, ya shimfiɗa a rana, ta bushe, sannan ya tsoma ta a labu. Matakin farko, wato nama zalla da aka shanya, shi ne ainihin abin da Bature ke nema a na'urarsa. Mataki na biyun ne matsalar, domin labu da yajin tsire ba sa rasa gishiri da barkono da dunƙulen ɗanɗano, sau da yawa da albasa ko tafarnuwa. Mai karen gadi da ya yago kilishi ya jefa masa yana ganin ya kyauta, nama ne ai. Naman ba laifi, abin da aka shafa masa ne bai dace da cikin kare ba.

Wani zai ce, haba, karnukan ƙauye da na mafarauta shekara da shekaru suna cin ragowar tuwo da miya, har da albasar, ga su nan suna gudu. Gaskiya ne kare na iya cin hatsi, binciken da masana na Jami'ar Uppsala ta Suwidin suka wallafa a 2013 ya nuna cewa karnuka sun fi kyarketai ƙwayoyin halittar narkar da sitaci, shi ya sa tuwo da dankali ke karɓarsu. Gaskiya ne kuma illar albasa tana tafiya da yawan da aka ci da girman jikin karen, ɗan abin da ya narke a miya ba lallai ya kayar da babban kare ba. Amma hujjar tana da rami. Cutar albasa ba ta bayyana nan take, sai bayan kwanaki za a ga kare ya yi laushi, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya koma ja ko ruwan ƙasa, kuma a lokacin babu mai tuna miyar shekaranjiya. Karen da ya mutu a haka cewa za a yi ciwo ya kama shi, ko an ba shi guba, ba wanda zai kai gawarsa wurin likitan dabbobi a duba. Muna ƙirga waɗanda suka rayu ne kawai, saboda su muke gani.

Ita kanta na'urar tana da iyaka, kuma masu tallata ta ba su cika faɗa ba. Iska mai zafi da gudu tana busar da bayan abu kafin cikinsa, saboda haka yanka mai kauri zai fito ya yi ja, ya yi ƙamshi, amma in ka karya shi sai ka tarar cikin da danshi. Irin wannan in an zuba a kwalba an rufe, kwana kaɗan zai yi fumfuna, tunda babu sinadarin hana lalacewa irin na kanti. In kuma naman kaza ne, ba a tabbatar ƙwayar cutar salmonela ta mutu ba sai zafin tsakiyar naman ya kai digiri 74, kuma ba karen kaɗai take kamawa ba, har yaron da ya taɓa naman ya kai hannu baki. Dabarar ita ce a yanka siriri, a fara dafa naman ya nuna, sannan a rage wuta a bar shi ya bushe a hankali, a bari ya huce sarai kafin a adana, na 'yan kwanaki a firji, sauran a firiza. Akwai kuma abin da zafi ba ya iya masa komai. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna a rumbu tana iya ɗaukar gubar afulatoksin, wadda ke cin hanta, kuma karnuka ba sa jure mata. A ƙarshen 2020 da farkon 2021 karnuka sama da 100 suka mutu a Amurka bayan cin wani abincin kanti da wannan guba ta shiga. Wanda ke tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa ya ware wa kare, wai ai dabba ce, ya sani ko awa nawa ta yi a wuta gubar tana nan. Haka ƙashin da aka dafa ko aka gasa, yakan tsage ya yi tsini ya huda hanji.

Sai batun yawa, wanda a ganina ya fi kowanne saurin kama masu kyakkyawar niyya. Likitocin dabbobi sun daɗe suna cewa ƙwalama kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na abin da kare ke ci a yini. Amma abin da mutum ya yi da hannunsa, ya san ba guba a ciki, hannunsa ba ya nauyin miƙawa. Ƙididdigar wata ƙungiyar yaƙi da ƙibar dabbobi a Amurka ta 2022 ta nuna kashi 59 cikin 100 na karnukan ƙasar sun yi ƙiba fiye da kima. Wani dogon bincike da aka wallafa a 2002 ya bi karnuka 48 nau'in Labarado tun suna 'yan kwikwiyo har mutuwarsu, aka rage wa rabinsu kashi ɗaya cikin huɗu na abinci, sai ga waɗanda aka rage wa sun ɗara 'yan uwansu da kusan shekara 2 a duniya. Hanta ma, duk da amfaninta, in ta yi yawa bitamin A ɗin cikinta kan taru ya cutar da ƙashi.

Masu goyon bayan kayan kanti suna da magana mai ƙarfi a nan, kuma ya kamata a ba su gaskiyarsu. Sukan ce kamfani yana da ɗakin gwaji da ƙwararru, uwargida ko maigida ba su da ko ɗaya. A 2013 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun auna tsarin girkin abincin kare na gida har guda 200 da aka samo daga littattafai da intanet, suka tarar kashi 95 cikin 100 sun gaza a aƙalla sinadari ɗaya da jiki ke buƙata. Wannan hujja ta tabbata a kan abincin yau da kullum, wanda kare ya dogara da shi kacokan, kuma duk mai son haɗa irin wannan a gida sai ya nemi likitan dabbobi ya tsara masa. Ƙwalama kuwa ba a ɗora mata wannan nauyin ba. Ɗan tukuici ne da ake ba kare in ana koya masa zama ko dawowa in an kira shi. Abin da ake nema daga gare ta kawai kada ta cutar, kuma yankan dankali ko huhu da ba a sa wa komai ba ya cika wannan sharaɗi, ba ya buƙatar ɗakin gwaji.

Maganar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa mutane na kwana da yunwa, a wane dalili za a ƙona wutar lantarki saboda kare? Ban raina wannan magana ba, kuma ba ina kiran kowa ya je ya sayi na'ura ba ne. Rana da faranti da tsumma mai tsabta da ɗan garwashi sun isa su yi aikin, huhu da guntayen da mahauta ke warewa kuma ba su da tsada. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce tunda kare ne, ko me ya ci daidai ne. Shari'a ta halatta riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron gona, mazhabar Malikiyya da muke bi ba ta ɗauki karen da ke raye a matsayin najasa ba, kuma kowa ya ji hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya ɗaure dabba a ƙofar gidansa tana kwana tana gadinsa, ba ta da ikon zaɓar abin da za ta ci, haƙƙinta yana wuyansa.

Don haka 'yan uwa masu karnuka, na gadi ne ko na farauta ko na kiwo, da na'ura ko babu, ku ware wa kare nasa kafin a zuba albasa da gishiri da yaji, ku yanka siriri, ku tabbatar ya nuna ya bushe, ku ba shi kaɗan. In kun ga ya yi laushi ko dasashinsa ya yi fari bayan ya ci wani abu, ku garzaya da shi wurin likitan dabbobi a ranar, kada ku jira gobe.