Bayan An Tuɓe Kaki

Jama'a, akwai wata magana da ba a cika yin ta a zangunanmu ba, alhali kuwa babu unguwar da ba ta shafa ba, daga Nima da Sabon Zango har Kumasi da Tamale. Wato maganar iyayenmu da suka yi aikin ɗan sanda har suka tsufa a ciki, ran nan aka ce su mayar da kayan gwamnati su koma gida. Mu masu wannan rubutu 'ya'yan bariki ne. Kada mai karatu ya yi dariya, mun san abin da Bahaushe yake nufi in ya ce wane ɗan bariki ne. Mu namu barikin na gaske ne, mai begila da fareti, a can aka yanke mana cibiya, daga can kuma muka tafi kwalejin horon malamai.

Shi wannan aiki ba baƙonmu ba ne. Tun 1863 Kyaftin Glover ya tara Hausawa a Ikko ya yi runduna da su, aka kawo su nan ƙasar lokacin yaƙin Turawa da Asante na 1873 zuwa 1874, da yawansu kuma ba su koma ba. A 1902 aka rarraba 'yan sanda kashi-kashi, aka ware masu ilimin boko su riƙe littafi a caji ofis, aka ware 'yan rakiya masu jar hula da kulki, waɗanda galibinsu mutanen arewa ne. Mutanen gari suka laƙaba musu suna buga-buga. Kalmarmu ce, kuma kowa ya san dalilin da ya sa aka zaɓe ta. Wannan suna ya bi kakin nan kamar inuwa, har ya riski waɗanda ba su taɓa ɗaga kulki a kan kowa ba.

Babanmu ya shiga aiki a 1967, ya yi kurtu a Tesano, sa'an nan aka dinga yawo da shi, Tamale, Koforidua, Takoradi, aka sake dawowa da shi Ankara. Makarantun firamare huɗu muka yi saboda wannan yawo. Tsarin mulki na 1992 ya ce ma'aikacin gwamnati in ya cika shekara 60 sai ya sauka, saboda haka a 2006 aka sallame shi yana Sufeto, bayan shekara 39.

Abin da ya fara cin mu shi ne ɗaki. Ɗakin bariki na mai kaki ne, in ka tuɓe akwai wani yana jiran mabuɗi. Baba yana da fili a bayan gari, amma ban da bulo kaɗan da ciyawa babu komai a kai, domin kuɗin makarantarmu mu shida ya cinye ginin. Muka shiga neman haya. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da na wata shida gaba ɗaya, amma duk ƙofar da muka ƙwanƙwasa shekara biyu ake cewa. Mutumin da ya yi shekara 39 yana tsare doka ya karanta wa wani mai gida wannan doka, mai gida ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "Baba, ai sai ka je doka ta ba ka ɗaki." Da garatuti aka biya. A watan Yuli na 2007 aka canja kuɗi, sidi 10,000 ya koma sidi 1, Baba ya ce ya kwanta yana mai miliyoyi ya tashi yana ƙirga ɗaruruwa. Da 2010 ta zo aka fito da sabon tsarin albashi, aka fara da 'yan sanda, albashinsu ya ɗaga sosai. Ranar da aka faɗa a labarai bai ce uffan ba, sai ya miƙa hannu ya kashe rediyo.

Amma fa kuɗi ba shi ne babban ciwon ba. Shi kaki ana tuɓe shi daga jiki cikin minti ɗaya, daga hali kuwa sai a hankali. Tun kafin asuba Baba ya tashi, ya goge takalmin da ba inda za shi da shi, ya sa a yi wa jallabiya guga har sai ta yi kari kamar wandon fareti. A masallaci ba ya zama sai inda zai ga ƙofa. In jika ya fasa kofi, sai ya tara yaran gida ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kowa a keɓe, har Mma ta ce, "Malam, nan fa ba caji ofis ba ne." Ita kuwa, mu faɗi gaskiya, ita ce ta riƙe gidan. A bariki tana sayar da koko da ƙosai, ranar da muka tashi duk masu sayenta suka tsaya can, ta sake kafa tukunya a bakin sabon layi ba ta san kowa ba. Ba mu taɓa jin an yi wa matan 'yan sanda fareti na ban kwana ba, ga shi kuwa su ma ritayar ta same su.

Sai kuma maganar mutanen unguwa. In ya doso majalisar samari inda ake dafa ataya, hira sai ta mutu, a koma gaisuwa mai tsawo. Dattawa ma da suke sa'o'insa suna girmama shi, amma ba sa sakin baki a gabansa. Shekarun da suka yi suna halartar suna da jana'iza tare, shi yana wani gari bakin aiki. Ya dawo zango da furfura amma kamar baƙo. Abin mamaki, waɗannan da ke gudunsa da rana su ne masu buga ƙofa da dare: "Baba Sufeto, an kama yaronmu." Sai ya sa hula ya bi su. Ya isa, wani yaro da bai kai ƙanenmu ba ya nuna masa benci ya ce ya jira. Ya jira. Iko ya tafi, abin da ya rage masa shi ne sanin hanya. Ya san doka ta ce in an tsare mutum, a kai shi gaban kotu cikin awa 48 ko a sake shi. Ya san beli ba na sayarwa ba ne. Yakan gaya wa iyaye kada yaro ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Da wannan kaɗai ya fitar da yara da dama daga wahala. Amma ranar da aka zo masa da maganar wani da ya soki abokinsa da wuƙa, ya ce ba za shi ba, uwar wanda aka soka ma maƙwabciyarsa ce. Gidan yaron suka yi shekara ba sa amsa sallamarsa, kuma muna gani abin yana cinsa.

Abokan aikinsa da yawa gadi suka koma, a ƙofar banki ko kanti, suna sara wa mutanen da a da su ke tsayar da motocinsu. Ba ma ganin laifinsu, neman halal ne. Abin da muke gani asara shi ne sarakunan zango da limamai su yi kwamitin sulhu ko na tsaron unguwa, su bar mutumin da ya san yadda ƙaramar rigima take zama shari'a yana zaune a ƙofar gida yana korar ƙuda. Ku kuma ƙannenmu da ke cikin kaki yanzu, in an yi rasuwa a layinku ku nemi izini ku zo, ko ɗaki ɗaya ne kuma ku yi masa rufi tun albashi yana shigowa.

Shi Baba abin da ya kwance shi ƙaramin abu ne. Kowace shekara makarantu suna yin maci ranar 6 ga Maris, ranar samun 'yancin kai, mu kuwa malaman makarantarmu ba wanda ya iya jera yara, kullum hagu da dama a cakuɗe. Muka roƙe shi ya zo ya duba mana. Ya ce sau ɗaya zai zo. Ya tsaya a fili, ya buɗe murya, muryar nan da muka yi shekaru ba mu ji ba, har masu talla suka tsaya kallo. Mako uku yana zuwa kafin kowane malami. Samarin ataya da ƙannensu ke cikin layi suka fara leƙowa ta katanga, wani ma ya kawo ganga. Ba mu ci komai ba a shekarar farko. Tun daga nan dai, da Janairu ta kama sai ya aiko jika ya tambaye mu yaushe za a fara, kuma ko an sayo wa yaran farar safa.