Tafiya Da Dattijo A Hamadar Amurka

Ya ku 'yan makaranta, kun sha ji ana cewa tafiya mabuɗin ilmi ce. Gaskiya ne, amma akwai abin da ba a cika gaya muku ba, watau yawancin mutane ba su samun sukunin tafiya sai ƙarfi ya fara ja da baya. Ma'aikaci ya kan yi shekara 35 yana bauta wa aikinsa, yana jin labarin ƙasashe a littafi. Ran da ya shiga fensho ya sami lokaci, sai ya tarar gwiwa ta fara ƙara, ido ya fara hazo. Don haka shirya wa dattijo tafiya wani fannin ilmi ne dabam, nauyinsa kuwa a wuyan yara ya ke.

Abin da ya sa mu ka ɗauko wannan magana shi ne, wani tsohon malaminmu, wanda ya koya mana labarin ƙasa a kwalejin horon malamai, ya ajiye aiki. Ɗansa da ke zaune a Amurka ya aiko ya zo, shi da uwargida, su buɗe ido. Malam ya ce abu guda ya ke marmari, ya ga Babban Kwazazzabon nan da Turawa ke kira Grand Canyon, wanda ya yi shekaru yana zanawa a allo bai taɓa gani ba. Ɗan, don murna, ya tsara wurare bakwai cikin kwana huɗu, a watan Yuli. Malam ya miƙo mana takardar ya ce, "Ku duba mini wannan, ku gyara kamar yadda na ke gyara muku jinga." Mu ka ce, "To, Allah ya gafarta Malam." Mu ka shimfiɗa taswira.

Bari mu fara gaya muku irin wurin. Yana cikin jihar Arizona, a kudu maso yammacin Amurka. Kogin Kolorado ne ya yi ta cin dutse shekaru miliyoyi har ya haƙa shi. Tsawonsa mil 277, kusan tafiyar Kano zuwa Abuja. Faɗinsa a wani wurin ya kai mil 18, zurfinsa kuwa wajen mil guda. A bangonsa ana ganin duwatsu hawa-hawa, ja da fari da toka-toka, kowane hawa da zamaninsa, na can ƙasa shi ne mafi tsufa. A 1869 wani tsohon soja mai hannu ɗaya, John Wesley Powell, ya bi kogin cikin kwalekwale da jama'arsa ya ratsa shi. A 1919 gwamnati ta mai da wurin gandun ƙasa. To, wurin da ya yi shekaru miliyoyi yana jiran Malam, ina amfanin a kai shi a guje?

Abin da mu ka fara sokewa shi ne watan Yuli. A wannan wata zafin birnin Las Vegas, inda jirgi zai sauke su, ya kan wuce digiri 40. Kada ku ce ai mutumin ƙasarmu ya saba da rana. Wanda ya saba da rana ya san ba a tafiya cikinta, balle mai shekara 68 da ke shan maganin hawan jini. Ban da zafi, daga Yuli zuwa Satumba a ke yin hadari a hamadar nan. Ruwa ya kan sauka can nesa, inda ba a ko jin tsawarsa, sai kawai busasshiyar korama ta cika ta taho kamar doki. A 1997 irin wannan ambaliya ta halaka baƙi 11 a ƙaramin kwazazzabon Antelope, alhali kuwa ba a yi wani ruwan kirki a inda su ke ba. Mu ka mai da tafiyar Oktoba. Afrilu da Mayu ma sun yi daidai.

Na biyu, nisa. Daga Las Vegas zuwa gaɓar kudu ta kwazazzabon wajen mil 280 ne, saurayi ya kan cinye su kafin azahar. Mu kuwa mu ka yanke kada a wuce mil 150 a yini, kuma duk sa'a guda da rabi a tsaya a miƙe ƙafa. Ga dalili. Las Vegas tana bisa teku da kamar ƙafa 2,000, gaɓar kudu kuwa ƙafa 7,000. Ku tuna Jos, da duk tudunta, ba ta wuce ƙafa 4,000 da kaɗan ba. Can sama iska ba ta ƙosar da huhu kamar ta ƙasa, wanda aka haura da shi farat ɗaya sai ya yi ta haki, kansa na sarawa, barci ya ƙi zuwa. Saboda haka ran farko za su tsaya su ga madatsar ruwa ta Hoover, wadda aka gama a 1936, su kwana a Kingman. Kashegari su bi tsohuwar hanyar nan mai lamba 66, wadda aka kafa a 1926 aka soke ta daga manyan hanyoyi a 1985, su ratsa Seligman su kwana a Williams. Ran na uku, mil 60 kaɗai ya rage. In ma sun gaji da mota, akwai jirgin ƙasa daga Williams, a kan layin da aka buɗe tun 1901.

A gaɓar kudu mu ka ba su kwana uku cur. Nan ne ɗan ya ware sa'a biyu, nan kuwa ne dalilin tafiyar duka. Akwai tafarki shimfiɗaɗɗe a bakin gaɓa, yawancinsa an daɓe shi, ga motocin safa na kyauta masu kai mutane daga wannan mahanga zuwa waccan. Dattijo ya fito da hantsi da sandarsa, ya koma ya yi ƙailula, ya sake fitowa da la'asar sakaliya, sa'ad da rana ke rina duwatsu ja wur. Mun hana gangarawa ciki. Gangara daɗi gare ta, amma kowane taki da aka yi ƙasa bashi ne, a hawowa a ke biya, ga shi kuwa zafi ƙaruwa ya ke yi gwargwadon zurfi. Gaɓar arewa ma mun soke ta. Daga kudu ana hango ta, mil 10 ne a miƙe, amma a mota ya fi mil 200, kuma gobarar daji ta cinye babban masaukinta a 2025.

Daga nan sai garin Page, wajen mil 135, sa'an nan Kwarin Monument, inda jajayen duwatsu ke tsaye ɗai-ɗai cikin fili kamar an gina. Wannan ƙasar ƙabilar Nabaho ce, masu wurin tun kafin zuwan Turawa, kuma ba a shiga Antelope sai da jagora daga cikinsu. Baƙo ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton mutum. Ga wani abin mamaki: daga Maris zuwa farkon Nuwamba agogon Nabaho yana gaba da na sauran Arizona da sa'a guda, wanda bai sani ba sai ya makara.

Sauran guzuri ba shi da yawa, amma kowanne rai ne. Ruwan sha galan guda ga kowa a yini, a riƙa kurɓa tun ƙishirwa ba ta zo ba, gama tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri. Magunguna su zauna a jakar hannu tare da takardar likita, a kuma sayi inshorar lafiya, don asibiti a Amurka tsada gare shi ƙwarai. Kada man mota ya sauka ƙasa da rabi, gama akwai inda za a yi tafiya mai nisa ba gari, waya ma ba ta kamawa. A riƙe bargo da rigar sanyi, dare a kan tudu ba ya wasa. Jimla, wurare bakwai sun koma huɗu, kwana huɗu sun koma goma.

To, samari, watakila cikinku babu mai zuwa Arizona bana ko baɗi. Amma kowannenku yana da tsoho a gida, kuma wata rana ku za ku riƙe masa jaka, ko zuwa asibiti ne, ko ziyarar dangi, ko ƙetaren teku. Ku fara tambayarsa abin da shi ya ke so ya gani, sa'an nan ku auna hanya da ƙafar wanda ya fi kowa rauni cikin ayari. Sannu ba ta hana zuwa. Sa'ad da ku ke tatata, da takinku su ka auna tafiyarsu, ba su ko yi gunaguni ba.