Ƙaura Zuwa Sabuwar Kwamfuta

Malamin da ke koyar da rubuta manhaja yakan yi farin ciki ranar da aka kawo masa sabuwar kwamfuta, amma farin cikin ba ya daɗewa. Da zarar ya kunna ta sai ya tarar da ita wayam, kamar ɗakin da ba a yi wa jere ba. Dalili kuwa shi ne, mai rubuta manhaja ba ya ƙirƙirar kome da kome da kansa. Yakan dogara ne da ƙananan ƙunshin manhaja waɗanda wasu suka rubuta suka ajiye a taska. Masu harshen Perl sun buɗe taskarsu mai suna CPAN a 1995, masu Python kuma suka buɗe PyPI a 2003.

Idan malamin ya ce zai ɗauko ƙunshin nan ɗaya bayan ɗaya, to wuni zai ƙare bai gama ba, domin kowane ƙunshi yana da waɗansu da yake jingina da su, kuma mantuwa ba ta sallama. Saboda haka mai dabara tun yana kan tsohuwar kwamfuta yake shiri. A Python, umarnin pip freeze yana fitar da jerin duk ƙunshin da aka girka, kowane da lambar bugunsa. Sai ya adana jerin a fayil guda, ya miƙa wa sabuwar kwamfuta, ita kuwa ta ɗauko su baki ɗaya. A Perl, umarnin autobundle ne yake wannan aiki.

Lambar bugun nan ba ado ba ce. Sabon bugu yakan sauya hali, har aikin ɗalibi da ya tafi daidai jiya ya ƙi tafiya yau. Haka kuma kayan aro ba ya rufe katara. A watan Maris na 2016 wani marubuci ya janye ƙunshinsa mai layi 11, left-pad, daga taskar npm, sai ayyuka masu ɗimbin yawa suka tsaya cik.

Wannan ya sa malami mai hangen nesa yake sauke ƙunshin da yake bukata ya ajiye a filas, musamman inda intanet ke da tsada, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. Da wannan filas ɗin zai girka wa dukkan kwamfutocin ɗakin koyarwa kaya iri ɗaya, kowane ɗalibi ya fara darasi daga inda ɗan'uwansa ya fara. Tun ran gini ake zane.