Garke ɗaya ko garke biyu?

Kuɗin saba uku aka ware mana bana a ma'aikatar da nake kula wa da kwamfutoci a Yamai. Dama muna da uku da ke aiki a haɗe kamar garke ɗaya a kan Proxmox: in ɗaya ta kwanta, sauran biyun su ɗauki aikinta. Gardamar ita ce, a zuba sababbin cikin wannan garken, ko a kafa wani dabam a reshenmu na Maraɗi?

Shugabanni sun fi son na farko, kuma suna da gaskiyarsu, ya fi arha. Ɗaki ɗaya, gurup ɗaya, mai gadi ɗaya. Sai dai garken saba da ƙuri'a yake tafiya, sai fiye da rabinsa na raye yake ci gaba da aiki. Uku na jure mutuwar ɗaya, shida na jure mutuwar biyu. Wannan lissafin ma yana da amfani ne in ɗai-ɗai suke mutuwa, alhali a nan tare suke tafiya. A watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke kuran ɗin da take ba mu, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar, rayuwar kowace na'ura a ɗakin ta koma kan man gurup. A zafin Afrilu kuwa, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya kawai, ko saba goma ce a ciki duk za su ɗauke.

Wani abokin aiki ya ce to a raba ƙafa: garke ɗaya, amma uku a Yamai uku a Maraɗi. A takarda ya yi kyau. Amma saƙo a cikin fibar yana cin kusan kilomita 200 ne a milisekan ɗaya, tsakanin garuruwan biyu kuwa ya fi kilomita 600, zuwa da dawowa ya haura milisekan 6 ke nan. Corosync, wanda ke ƙirga ƙuri'un, ƙasa da 5 yake so. Ranar da aka datse layin kuma, uku nan uku can, babu mai rinjaye, duka ɓangarorin su tsaya cik ga wuta ga lafiya.

Don haka ni garke dabam na zaɓa, wanda za a riƙa kwafa masa bayanai kowane dare. Ba kyauta ba ne. Duk gyaran da na yi sai na yi shi sau biyu, kuma in Yamai ta faɗi da la'asar, aikin yinin nan babu shi a Maraɗi, sai a sake shigar da shi da hannu daga takardu. Abin da ya fi damuna shi ne mutum: wa zai buɗe ɗakin da ƙarfe biyun dare in batir ya fara kuka? A takardar da na miƙa, albashin ma'aikacin Maraɗi na sa a layin farko, sama da kuɗin na'urorin. Har yau ba a sa mata hannu ba.