Kakakin da ake gani ba a ji

Kwanan baya ƙanena ya zauna kusa da Gwaggo, ya buɗe mata wani tsohon fim a waya: hawan dabar da aka yi wa Sarauniyar Ingila Elizabeth a Kaduna cikin Fabrairun 1956. Na zaci Sarauniyar za ta zuba wa ido, ko Sardauna, wanda shi ne Firimiya a lokacin. Ashe hankalinta na can gefen hoton, kan wani zagi da ya gifta riƙe da linzami.

"Kai, mai da shi baya," in ji ta. "Wannan tafiyar irin ta Baffanku ce."

Tun ranar na gane ni ma haka nake kallon finafinan tarihi. Mai ɗauka ya saita na'urarsa kan manya, ido kuwa sai ya zame ya koma kan 'yan lifidi da dogarai da yaran da suka ɗare katanga. Wanda ya fi tsaya mini a rai wani mai busa kakaki ne. Kumatunsa sun cika fam, jijiyar wuyansa ta miƙe, amma abin da ke shiga kunne muryar Bature mai sharhi ce, da kiɗan badujalar da aka ɗora daga baya. Iya ƙarfinsa ya busa, ba a bar mana ko ɗuriyar sautin ba. Abin ya sosa mini rai ƙwarai.

Gwaggo ta ce a zamanin majigi ma haka suke yi. Mota ta zo da magariba, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, mai fassara na ta bayanin noman auduga ta lasifika, su kuwa zanen matan cikin hoton suke dubawa.

Har bidiyoyin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ba su tsira ba. Shi ake haskawa, kuma ya cancanta. To amma masu kalangun da ke bayansa fa, da 'yan amshin da ke tallafe da waƙar in ya tsaya shan iska? Da wuya ka ga an rubuta sunan ɗayansu a ƙasan hoto. Ina fatan mai shirya fim kan Shata ya je Funtuwa ya nemi waɗanda suka rage, ya shimfiɗa musu tabarma, ya bar su su yi ta magana.

Sau huɗu Gwaggo ta sa aka maimaita mata wurin zagin nan. A na ƙarshe sai da ta dafa fuskar wayar da yatsa, hoton ya tsaya cak.